Na gano littafin lissafin kamfaninmu biyu ne, kuma oga yana so in sa hannu

Baƙon_Gida: Assalamu alaikum 'yan gida. Sabon suna na buɗe don kada a gane ni, admin a yi haƙuri. Wata tara ke nan ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfani, ni ne mataimakin akanta, aikina shigar da rasit da baucan a kwamfuta da haɗa takardar albashi. Makon jiya babban akantanmu bai zo ba, yaronsa ba lafiya, sai manaja ya ce in buɗe kwamfutarsa in ciro masa wani fayil. Ina buɗewa na ga Excel guda biyu na shekarar da ta wuce, suna iri ɗaya, ɗayan dai an ƙara masa harafi a ƙarshe. Na farkon na san shi don shi nake cikewa kullum. Na biyun cinikin da ke ciki bai kai rabin na gaskiya ba, kuma shi aka miƙa wa hukumar haraji. Da na ƙara dubawa sai na ga kuɗin fanshon da ake yanka a albashinmu, ni da hannuna nake yankewa, wata shida ba a tura shi ko'ina ba. Jiya kuma oga ya kira ni ofis ya ajiye min takardun ciniki guda bakwai na wannan watan, ya ce in mayar da kwanan watansu Disamba in sa hannu, wai banki na son ganin lissafin ƙarshen shekara kafin su ba mu bashi. Na ce masa kaina na ciwo sai gobe. Wallahi ban yi barci ba. Mutumin nan shi ya ɗauke ni bayan na yi shekara biyu ina zaman kashe wando, kuma bai taɓa riƙe min albashi ba. Me zan yi?

Dogo_Mai_Raha: Ɗan'uwa ai littafinku uku ne ba biyu ba hhh. Ɗaya na gaskiya, ɗaya na talauci na kai wa masu haraji, ɗaya na arziki na kai wa banki. Ogan naka dai ya iya rawa da kowane kiɗa.

Ummu_Sudais: Wa alaikumus salam. Kada ka sa hannu. Wannan dai kafin komai. Sauran a yi ta tattaunawa amma hannunka kada ya hau takardar da ka san ƙarya ce.

Ba_Ruwana77: Ni shawarata ka kama bakinka ka ci gaba da aikinka. Kai ka kafa kamfanin? Kai za ka biya harajin? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Samun aiki yanzu ba wasa ba ne, ka tona asiri a kore ka waɗanda suke zuga ka a nan ko ɗaya ba zai ciyar da iyalinka ba.

Tsohon_Odita: Ba_Ruwana77, da a ce gani kawai ya yi aka ƙyale shi, da maganarka ta samu wurin zama, to amma an riga an ajiye masa biro. Ranar da abu zai fashe ba a tambayar wa ya ba da umarni da baki, takarda ake ɗagawa a ga sa hannun wa ke ƙasa. Bari in ba ku labarin da duk mai karatun akanta ya kamata ya sani. A kamfanin sadarwa na WorldCom a Amurka akwai wata akanta Betty Vinson, ba ita ta ƙirƙiro cogen ba, manyanta ne suka ce a ɗauki kuɗin da ake kashewa kullum wajen hayar layuka a rubuta shi a matsayin jarin kadara, don riba ta fito da yawa a takarda. Ta nuna ba ta so, har ta yi niyyar ajiye aiki, aka lallashe ta, ta yi sau ɗaya, daga nan abu ya zama jiki. Da asiri ya tonu a 2002 ta amsa laifi, a 2005 aka yanke mata wata biyar a gidan yari da wata biyar na ɗaurin talala a gida. Shugaban kamfanin Bernie Ebbers shekara 25 aka ba shi, amma “umarni aka ba ni” bai fitar da ita ba.

Ba_Ruwana77: To ai can Amurka ce baba, inda doka ke aiki.

Tsohon_Odita: Inda doka ba ta aiki sosai ai abin ya fi muni ga ƙaramin ma'aikaci ɗana, don babba yana da lauyoyi da 'yan'uwa manya, kai kuma da wa kake taƙama? In za a nemo wanda za a ɗora wa jakar tsaba, ƙaramin ake nema.

Hajjo_Akanta: Ni kafin a kai ga maganar tona asiri ina so in ja hankalin mai tambaya, kada ka yanke hukunci da kallon minti biyar a kwamfutar wani. Fayil biyu ba kullum ne sata ba. Akwai lissafin da ake yi don amfanin cikin gida, akwai wanda ake shiryawa bisa ƙa'idar haraji, kuma ribar da ke cikinsu takan bambanta ta halal, misali yadda ake rage darajar injina da motoci shekara-shekara ba lallai ya zo ɗaya da yadda masu haraji suka yarda a rage ba. Wani lokaci kuma ɗayan na reshe ɗaya ne ɗayan na duka rassa, ko tsohon daftari ne ba a goge ba. Amma fa riba na ce. Jimillar ciniki ba ta raguwa da rabi don an canza ƙa'ida. Ka tabbata wanda ka gani shi ne aka miƙa? Ta yaya ka sani?

Baƙon_Gida: Hajiya na gode. Na sani ne don ni aka aika da ambulan ɗin, kuma kwafin da suka buga wa hatimi yana cikin kabad ɗinmu, na je na gwada adadin, iri ɗaya ne da na fayil na biyun har ƙwandala.

Hajjo_Akanta: To shi ke nan, na janye wannan uzurin. Maganar mayar da kwanan wata kuwa dama ba ta da wata fassara, yaudarar banki ce. Kuma wauta ce ma, don irin wannan ba ya ɓuya ga mai bincike da ya san aikinsa. Rasit yana da lamba a jere, ta yaya mai lamba 412 zai zama na Disamba alhali 398 na Fabrairu ne? Ga littafin sito da ke nuna ranar da kaya suka fita, ga littafin maigadi da ya rubuta lambar motar da ta ɗauka, ga ranar da kwamfuta ta ajiye da kanta lokacin da aka shigar. Na taɓa kama irin wannan a wani wuri da littafin maigadi kawai, wani tsohon littafi duk ya sha maiƙo, shi ya ƙaryata takardu masu hatimi.

Sarkin_Dabara: Ku tsaya ku ji, ni a ganina Allah ne ya kawo maka dama. Ka kwafe komai a filas ka je ka same shi ka ce oga na san komai, a ƙara min albashi ko in yi magana. Ai kowa ya samu rana sai ya yi shanya.

Ummu_Sudais: Subhanallah. Wato ya tashi daga shaida ya koma abokin tarayya, ya ƙara da laifin yi wa mutum barazana don karɓar kuɗi. Don Allah Baƙon_Gida kada ka saurari wannan.

Sarkin_Dabara: Wasa nake hajiya, kin cika zafi.

Malam_Na_Zaure: Ko da wasa ba a faɗar irin wannan ga mutumin da ke cikin ruɗani. Ɗan'uwa mai tambaya, aikin da kake yi ba ƙaramin aiki ba ne a addini. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma an umarci marubuci ya rubuta da adalci, ayar da ke binta kuma ta hana ɓoye shaida. Kai ne marubucin nan. Amma kuma gyara yana da matakai, a fara da nasiha a asirce kafin a kai ga fallasa. Mutumin ya yi maka alheri, to babban sakamakon da za ka yi masa shi ne ka gaya masa gaskiya tsakaninka da shi, cikin ladabi, ka ce ranka ya daɗe wannan hanya za ta kai mu ga kunya. Wataƙila shi ma matsin bashi ne ya kai shi, ba mugun hali ba.

Ba_Ruwana77: Malam ni harajin ne ban ga abin tayar da hankali a kai ba. Kuɗin da in an biya ma wasu ne za su yi sama da faɗi da shi.

Zinariya_04: Wannan hujjar ta gaji wlh. In kowa ya ce haka wa zai biya? Kuma mu masu albashi tun kafin kuɗin ya shigo hannunmu an yanke namu, sai mai kamfani ne zai ce shi ba ya biya don ana sata?

Ba_Ruwana77: Ke dai ba ki taɓa riƙe kasuwanci ba shi ya sa.

Zinariya_04: Na riƙe, na kuma biya, ban mutu ba.

Admin_Garba: Jama'a a dawo kan tambaya, muhawarar haraji a buɗe mata nata zaren daban.

Gwaggon_Yara: Ni abin da ya tsaya min a rai duk kun tsallake shi, fanshon nan. Haraji tsakaninsa da hukuma ne, banki suna da masu kare su, amma fansho haƙƙin direba ne da masinja da mai shara, mutanen da ba su ma san ana duba irin wannan ba. Ya faru da maigidana, shekara takwas ana yanka masa a takardar albashi, kowane wata ga layin nan an rubuta an cire, sai da kamfanin ya rufe ya je dubawa ya tarar shekara biyun farko kawai aka zuba. Ranar ya dawo gida ya zauna a bakin gado da takardun a hannu ya fi awa bai ce komai ba. Kuma akantansu ya sani tun farko, mutumin kirki ne ana gaisawa, har sunan yaranmu ya zo, bai taɓa ko ƙyafta masa ido ba. Har yau in na tuna shi ya fi mai kamfanin ba ni haushi, Allah ya yafe min.

Baƙon_Gida: Gwaggo wannan ya taɓa ni. Mu talatin da ɗaya ne a takardar albashi.

Lauya_Ba_Riga: Bari in sa baki, amma ba shawarar lauya nake ba ka ba tunda ban san ƙasar da kake ba, kuma dokar wannan abu ta bambanta sosai daga wuri zuwa wuri. Ingila tana da dokar kare mai fallasa tun 1998. Amurka ta yi dokar Sarbanes-Oxley a 2002 bayan badaƙalar kamfanin makamashi na Enron da ta WorldCom, sannan a 2010 dokar Dodd-Frank ta ba hukumar kula da hannun jari damar ba mai kwarmato kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari na tarar da aka karɓa in ta haura dala miliyan ɗaya. Tarayyar Turai a 2019 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 50 zuwa sama ya buɗe hanyar kai ƙorafi a cikin gida. Najeriya ta fito da tsarin ba mai kwarmato ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato a Disamban 2016, amma ya fi karkata ga dukiyar gwamnati. Wasu ƙasashen babu komai, kana magana ka zama marainiya. Don haka ka fara sanin inda kake tsaye. Abin da zan ce ka fara tun yau shi ne ka sayi ɗan littafi naka na kanka ka riƙa rubuta rana da lokaci da abin da aka ce maka da wanda yake wurin, ka ajiye shi a gida ba a ofis ba. Kada ka goge komai a kwamfuta ko da an ce ka goge. Kwashe fayilolin kamfani gaba ɗaya zuwa wayarka kuma ka yi hattara, a wurare da yawa da shi za su juyo kanka su ce ka saci sirrin kamfani, ka ga lauyan ƙwadago tukuna ya gaya maka abin da za ka iya riƙewa. Takardar albashinka da bayanin asusun fanshonka kuwa naka ne, ba mai hana ka.

Tsohon_Odita: Maganar gogewa gaskiya ne. Arthur Andersen, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin odita biyar na duniya a lokacin, yayyaga takardun Enron ne ya kashe shi. An same shi da laifi, kotun ƙolin Amurka ta soke hukuncin a 2005 amma ina, an riga an watse. Sannan ga wata dabara da na ga ta ceci mutane, in an ba ka umarni irin wannan ka ce to oga, don Allah a turo min a rubuce ta imel don in haɗa da fayil. Mai gaskiya zai turo. Marar gaskiya zai yi shiru ya nemi wani.

Zinariya_04: Ya nemi wani, sannan ya fara neman hanyar korar ka. A faɗa masa wannan ɓangaren ma.

Tsohon_Odita: Ban ɓoye ba 'yata. Michael Woodford shugaban kamfanin kyamara na Olympus ne sukutum a Japan, ya tambayi inda wasu maƙudan kuɗi suka shiga, a Oktoban 2011 hukumar daraktoci ta tsige shi, daga baya aka gano asarar kusan dala biliyan 1.7 ake ɓoyewa tun shekarun 1990. In shugaba bai tsira ba ina ga mataimakin akanta. Shi ya sa nake cewa ya fara neman wani aiki tun yanzu a hankali, ba a fafe gora ranar tafiya.

Injiniya_Sabo: Ni tambayata ga masu cewa a fara da nasiha a cikin gida, in mai laifin shi ne mai kamfanin gaba ɗaya wa za ka kai wa ƙara? Sherron Watkins, wata ma'aikaciyar Enron, ta rubuta wa shugaban kamfanin Kenneth Lay takarda a Agustan 2001 tana gargaɗi, me ya hana? Disamba kamfanin ya durƙushe, ma'aikata suka rasa aiki da ajiyarsu ta ritaya. Kai wa kura ƙarar kura ne.

Hajjo_Akanta: Injiniya ai ya danganta da wanda ka kai wa. Cynthia Cooper ita ma a cikin gida ta bi, ita da yaranta na sashen bincike a WorldCom suna aiki da dare a ɓoye har suka gano aringizon dala biliyan 3.8, amma ba ta tsaya a kan shugaban sashen kuɗi ba duk da ya nemi ta jinkirta binciken, ta wuce kai tsaye ga kwamitin binciken kuɗi na daraktoci. Matsalar mai tambaya ita ce ƙaramin kamfani ne, wataƙila daraktocin oga ne da matarsa da ƙaninsa. Baƙon_Gida kuna da oditocin waje?

Baƙon_Gida: Akwai wani da ke zuwa sau ɗaya a shekara, kwana biyu yake yi, yawanci a ofishin oga yake zama suna hira.

Dogo_Mai_Raha: An gama. Odita ya zama ɗan gida.

Injiniya_Sabo: Ko manyan oditoci ma ana rufe musu ido. Wirecard, kamfanin hada-hadar biyan kuɗi a Jamus, shekara da shekaru ana sa musu hannu, sai 2020 aka wayi gari Yuro biliyan 1.9 da aka ce suna banki babu su babu dalilinsu, kuma 'yan jaridar Financial Times da suka fara tonawa su hukuma ta fara bi da tuhuma. Ni dai a ganina in zai yi magana ya kai waje, wurin hukumar fansho ko ta haraji, ba tare da sa suna ba.

Lauya_Ba_Riga: Ɓoye suna a kamfani mai mutum talatin da ɗaya, wanda mutum uku ne kawai ke ganin littafin, kuma ɗayansu jiya ya ce kansa na ciwo? Ko yaro zai gane. Amma akwai hanya mai sauƙi a kan fanshon, kowane ma'aikaci yana da ikon duba asusunsa. In mutum biyar suka duba suka ga babu, suka je tare suka yi tambaya, ba wanda ya fasa ƙwai ke nan, haƙƙinsu suka nema. Abin da ban yarda da shi ba shi ne zuwa Facebook a rubuta sunan kamfani, nan ne za a maka ka a kotu kan ɓata suna kuma kariyar da doka ke bayarwa galibi ba ta kai can.

Ba_Ruwana77: Duk kun yi turancinku kun gama, ni dai ina nan a kan bakana. In kamfanin ya rushe mutum talatin da ɗayan nan da kuke tausayi su za su fara kwana da yunwa.

Gwaggon_Yara: Na maigidana ma ai rushewa ya yi, kuma ba wanda ya yi magana.

Baƙon_Gida: Na dawo 'yan gida. Yau da safe na shiga na same shi, na yi yadda Malam ya ce, na gaishe shi na ce ranka ya daɗe ka yi min alherin da ba zan manta ba amma wannan takardun ba zan iya sa musu hannu ba, ina tsoron abin da zai biyo baya gare ni da kai. Bai yi faɗa ba, ya dube ni ya daɗe, ya ce shi ke nan jeka. Fanshon ban iya tayar da shi ba, bakina ya yi nauyi. Da rana babban akanta ya ja ni gefe ya ce shi ma haka ya tarar, shekara shida yana cewa bana ce ta ƙarshe. Na fara rubutu a littafin da Lauya ya ce. Amma ga sabuwa, da zan tashi na hango takardun bakwai ɗin a teburin kashiyarmu, yarinya ce ƙarama watanta uku da fara aiki, ba na jin ta san me ake nufi da su.

Ummu_Sudais: Ka gaya mata mana, tun kafin gobe.

Ba_Ruwana77: Ya gaya mata ta je ta faɗa wa oga, shi ke nan an ce yana haɗa kan ma'aikata.

Hajjo_Akanta: Ba sai ya ce mata komai a kan oga ba. Ya nuna mata lambar rasit ɗin da kwanan watan kawai ya tambaye ta ko sun yi daidai. Kana da lambarta ko sai kun haɗu a ofis?